Sawun da ke Ƙarƙashin Tagar Aku

Da safe aka tsinci gawar Aku a ɗakin karatunsa, kife a kan darduma, an fasa masa ƙeya da wani abu mai nauyi. Kafin azahar kowa a gari ya san wanda ya kashe shi. 'Yan sanda ne kaɗai suka makara, su sai washegari suka sani.

Aku mai gabatar da shiri ne a talabijin, sana'arsa tonon asiri. Kullum da yamma sai ya ɗauko mutum guda ya shanya shi a rana, jama'a na kallo suna lashe baki. Na ƙarshen da ya shanya wani mai gyaran wuta ne da ya yi masa aiki a gida. Waya ta yi tartsatsi, labule ya ƙone, sai Aku ya nuna wa duniya fuskar mutumin, ya ce ga wanda zai gasa ku da iyalanku in kun ba shi aiki. Mai gyaran ya zo ƙofar gidan ya yi ta ihu, yana cewa sai ya rufe bakin nan. Maƙwabta sun ji. Ba a yi kwana uku ba bakin ya rufu.

An ga sawun takalmi a cikin furannin da ke ƙarƙashin taga, ya nufi katanga. An sami takalmin a sito, ƙaton takalmin aiki, da jini a tafinsa. Na mai gyaran wuta ne, shi kansa bai musa ba.

Shari'ar ta zama kasuwa. Motocin gidajen talabijin suka toshe titin kotu, masu sayar da ruwa da lema suka kafa rumfuna, mutanen da ba su taɓa ganin gawa ba suka zama masana kisan kai. An yi hira da malamin firamaren wanda ake tuhuma, ya tuna cewa tun yana yaro idonsa ja ne. Kowa na jiran ranar hukunci, kuma ba wanda yake shakkar igiya ce.

Mai-Sawu bai kalli ko ɗaya ba, don ba shi da talabijin, kuma yana alfahari da hakan fiye da kima. Ya yi shekaru yana bi wa 'yan sanda sawu, na ɓarayi da na waɗanda suka ɓace, har gwiwa ta ce masa ya isa. Mai gyaran wutan kuwa mijin autarsa ne. Bai taɓa son auren ba, kuma da aka kama mutumin, abin da ya ce kawai shi ne 'yan sanda sun san aikinsu.

Saura 'yan kwanaki a yanke hukunci Auta ta shigo masa ba sallama, ta tsaya a tsakiyar ɗaki.

"Baba, ka bi sawun akuyar mutane har cikin duwatsu. Mijina bai kai akuya ba?"

"Akuya ba ta zuwa ƙofar gidan mutum ta ce za ta rufe masa baki."

"Ban ce ka so shi ba. Ka duba kawai. In ka duba ka ce shi ne, wallahi ba zan ƙara yi maka maganar ba."

Ya tashi, ya zauna, ya sake tashi. Ya nemi hularsa, alhali tana kansa.

*

Lauyan da ke kare surukin yana gyara wuya a gaban madubi, don ana jiran sa a wata hira. Ya turo wa Mai-Sawu hotunan sawun ba tare da ya juyo ba.

Mai-Sawu ya kai su bakin taga. Ya daɗe a kan na farko.

"Wanda ya sa takalmin nan ƙafarsa ba ta cika shi ba. Dubi dunduniya ta nutse, bakin takalmin kuwa lasar ƙasa kawai ya yi. Mijin Auta ƙafarsa kamar faranti take."

"Yallaɓai, mai gudu a kan dunduniya..."

"Ba gudu yake ba. Taku ne a natse, kamar mai zuwa karɓar kyauta. Kuma ba sau ɗaya ya bi ba. Ya je katanga, ya zagayo ta gefe, ya koma bakin taga, ya sake. Sawu a kan sawu. Wane irin mai kisa ne yake maimaita guduwa?"

"Mai gabatar da ƙara ya ce ruɗewa ya yi."

"Kai kuma ka ce me?"

Lauya ya ɗauki jakarsa. "Alƙali ba ya sakin mutum don dunduniya. Kawo min mai ƙaramar ƙafar, da sunansa."

*

Matar Aku ce ta buɗe masa da kanta. Kafin ya gaishe ta ya riga ya kalli ƙafarta. Ƙarama ce. Ta ga inda idonsa ya je.

"Ka gama aunawa, ko in cire takalmin?"

"Hajiya, ki yi haƙuri. Sana'a ce ta lalata ni. An ce ba a ga hawayenki ba."

"Na yi kukana tun yana da rai. Ka yi tambayarka."

"Da kika gan shi, wa kika fara kira?"

"Gajere, mai shirya masa shiri. Duk abin da ya lalace a gidan nan shi ake kira, ko famfo ne."

Wani dogon mutum ya fito daga falo da hankici a hannu. Ƙanin Aku ne, wanda tun ranar ba a rufe labaran yamma sai da kukansa. Ya riƙe hannun Mai-Sawu da hannu biyu.

"Baba, ban ƙullace ka ba. Ba kai ka haife shi ba. Ni dai yayana..." Murya ta karye masa daidai inda ta saba karyewa. "Tun safiyar ranar ina tare da matar yaya, ban bar ta ita kaɗai ba."

Ƙafarsa ta kusa ta surukin girma. Mai-Sawu ya cire shi daga lissafi, ya nemi a kai shi bayan taga.

Furannin sun sake tofo, sawu ya daɗe da tafiya. Ya yi ta kai-komo tsakanin taga da katanga, gwiwa na ƙara. A kan daɓen simintin da ke gindin tagar, inda rufi ya tare ruwa, ya ga wani abu manne. Baƙin salatif ne guda biyu, an gicciya ɗaya a kan ɗaya, rana ta cinye launinsa. Daga nan sawun ya fara a cikin hotuna.

Baƙin salatif. Ba mai yawo da shi a aljihu sai mai gyaran wuta.

Ya ɓanye ɗan guntu ya bar sauran. A hanya ya wuce tashar mota bai lura ba, ya dinga tafiya yana shirya kalmomin da zai gaya wa Auta, kowanne ya shirya sai ya zubar.

*

Surukin ya rame har wuyan rigar gidan yari ya yi masa yawa. Ya durƙusa a bayan wayar da ta raba su don gaisuwa.

"Tashi, ba gaisuwa ta kawo ni ba. Me ya kai takalminka siton mutane?"

"A can nake barin sa, Baba, in sa silifa in tafi gida. Da ya kore ni ko kayan aikina bai bari na ɗauka ba."

Mai-Sawu ya manna guntun salatif a jikin waya. "Wannan fa? A gindin tagar na same shi."

Surukin ya taɓa shi da ɗan yatsa, ya ja.

"Ba namu ba ne. Namu roba ne, yana miƙewa. Wannan yadi ne. In ka naɗe waya da wannan ai ka kashe mutane."

"To na waye?"

"Ban sani ba, Baba." Ya ɗago kai. "Auta tana cin abinci?"

"Ka damu da wuyanka tukuna."

Ya fito da sauƙi a ƙirji da kuma haushin sauƙin. Ya zaga shagon masu fenti, ya zaga na masu gyaran mota, ya je wajen masu ɗinkin kujera. Kowa ya juya guntun ya ce ba nasa ba ne. Ranar ta ƙare a haka, ta biye ma ta kama hanya.

*

Gajere ya daɗe yana aiko wa Mai-Sawu. Tun mutuwar Aku shi ya gaji kujerar, kuma shirin bai taɓa samun masu kallo irin na yanzu ba. Surukin mai kisa, tsohon mai bin sawu, ai wannan nama ne da romonsa. Mai-Sawu ya sha korar 'yan aiken. Ana gobe hukunci, da ya rasa ƙofar da zai ƙwanƙwasa, ya je da kansa da hantsi. Ya ce ko ba komai zai faɗi maganar dunduniya inda alƙali zai iya ji.

Aka shafa masa hoda a goshi kamar jariri. Wata mata mai waya a kunne ta ja hannun rigarsa zuwa tsakiyar fitilu.

"Baba, nan za ka tsaya. Kan alamar. Kada ka gusa, in ka gusa ka fita daga hoto."

Ya duba ƙasa. Baƙin salatif guda biyu, ɗaya gicciye a kan ɗaya. Ga wani can, ga wani can, daɓen duk su ne.

"'Yata, wannan na mene ne?"

"Inda mutum zai tsaya, ko inda zai fara tafiya. In an sake ɗauka sai ya dawo kansa."

"In an sake ɗauka."

A wani allo da ke gefe ana gwada mabuɗin shirin, wanda gari ke kallo kowace yamma tun ranar da aka yi kisan. Kiɗa mai ban tsoro, hoto mai duhu-duhu, sai ƙafafu biyu cikin ƙaton takalmin aiki suna ratsa furanni a hankali. Dunduniyar tana ɗagowa daga cikin takalmin a kowane taku.

Gajere ya iso da hannu a buɗe, yana kiran sa babanmu. Mai-Sawu bai kalli fuskarsa ba. Ƙaramar ƙafar ta ishe shi.

Ya matsa kusa da mai kyamara, wani mai furfura da ya ƙi haɗa ido da shi tun shigowarsa.

"Hoton ƙafafun nan ya yi kyau. Sau nawa kuka ɗauka?"

"Uku. Hasken safiya ne ya..." Mai kyamara ya haɗiye sauran.

Mai-Sawu ya goge hodar da hannun riga, ya juya wajen Gajere.

"Ba zan yi magana a nan ba. Ka zo gidan mamaci da la'asar, kai da wannan bawan Allah. Zan nuna maka mai kisan a gaban kyamararka, kai kaɗai."

Bai taɓa ganin mutum ya yi murna da kiran ajalinsa haka ba.

*

Suka taru a bayan taga: matar Aku, ƙaninsa da hankicinsa, Gajere da mai kyamara, lauya, da sufeton da ya yi binciken, wanda ya zo ne kawai don Mai-Sawu ya taɓa koya masa aiki. Auta ta tsaya daga nesa, jikin katanga.

"Gajere, zo ka tsaya kan alamarka," in ji Mai-Sawu, ya nuna daɓe.

Murmushin ya daskare. Gajere ya ce bai san zancen ba. Ya ce salatif ai ko'ina akwai shi. Sufeto ya tambaye shi yadda aka yi takalmin da ke hannun hukuma tun ranar farko ya fito a shirinsa, da tsagar da ke gefen hagu da komai. Mai kyamara ya sauke kyamarar daga kafaɗa ya ajiye a ƙasa.

"Oga, ni na gaji. Wata nawa ba na barci."

Gajere ya fashe. "To, ni ne! Ni na sa. Labari ba ya tafiya sai da ƙafa, kowa a sana'ar nan yana yi. Mun iso 'yan sanda ba su zo ba, gawa ba a nuna ta, me zan nuna wa mutane, bango? Na sa takalmi a cikin ɗakin, na fito ta taga, shi ke nan. Ban lura na taka jini ba."

"Da ka ga za a rataye mutum da sawunka fa?"

"In na yi magana ni za a ɗaure. Kuma ai shi ya yi, kowa ya sani."

"Kai ka gaya wa kowa."

Sufeto ya riga ya matso, hannunsa na neman ankwa. Lauya ya fara gyara wuya.

"Dakata," in ji Mai-Sawu. "Wannan maƙaryaci ne, ƙarya kuwa ita ce albashinsa. Amma mutumin da ya yi kisa ba ya kiran mai kyamara ya ɗauki ƙafarsa. Gajere, ina ka samo takalmin?"

"Na ce a ba ni takalmi, kowane iri ne, nawa ya yi ƙyalli da yawa. Aka kawo min."

"Wa ya kawo?"

Gajere ya juya ya kalli ƙanin Aku.

"Taimako na yi," in ji ƙanin. "Hankalina ba ya jikina, an ce takalmi, na kawo takalmi."

"Na ga bakin ƙofar gidan nan, takalma jibge kamar na masallaci. Ka tsallake su duka, ka zaga baya, ka buɗe sito, ka zaɓo na mutumin da unguwa ta ji yana rantsuwa. Hankalin da ba ya jiki ya yi ƙoƙari. Wa ya mayar da shi sito?"

"Shi," in ji mai kyamara, ya nuna ƙanin. "Yana cikin abin da na ɗauka, ban goge ba. Har muryarsa, yana cewa ta taga ya fita, ku ɗauka daga nan."

"Tagar a kulle take ta ciki lokacin da na shiga," in ji matar Aku. A hankali take magana, tana kallon ƙanin mijinta kamar yau ta fara ganin sa. "Kai, tsaya. Wa ya gaya maka ya mutu? Ni Gajere kaɗai na kira. Na fito daga ɗakin na gan ka a falo kana kuka, na zaci shi ya kira ka."

"Ni a nan na tarar da shi," in ji Gajere. "Na zaci ke ce."

Ƙanin ya kai hankici fuska, ya ga ba amfani, ya sauke.

Gajere ne ya fara ganewa, kuma ko a lokacin idonsa sai da ya yi ƙyallin ɗan kasuwa. "Shirin da Aku ya mutu bai yi ba," ya ce. "A kan ƙaninsa ne. Yadda aka kore shi daga koyarwa saboda kwalbar giya. Aku ya ce jama'a su ga ko jininsa bai bari ba."

Ƙanin ya zauna a kan daɓe, dogayen ƙafafunsa a cikin furanni.

"Shekara nawa ban taɓa ta ba. Yarana ba su ma san an yi ba." Wannan karon muryar ba ta karye ba. "Cikinmu ɗaya da shi. Na zo na durƙusa masa a ɗakin nan, na kama ƙafarsa. Ya yi dariya, ya ce kash, da ya san zan durƙusa da ya kira mai kyamara."

Sufeto ya sa masa ankwa. Gajere ya sunkuya a hankali zai ɗauki kyamarar, mai kyamara ya taka igiyarta.

*

Ba a yanke hukunci washegari ba, kuma sakin bai zo da wuri ba, don hukuma tana saurin kamawa ne kawai. Ranar da aka sallami mai gyaran wuta, a ranar aka kawo ƙanin Aku ta ƙofar baya, duk motoci da kyamarori suka kwasa can a guje. Masanan da suka ga kisa a idon surukin tun yana firamare suna can suna bayanin cewa kukan ƙanin bai taɓa kwanta musu ba. Gajere, wanda aka ba da belinsa, ya riga ya sanar da shiri na musamman a kan yadda ya taimaka aka gano gaskiya.

A matakalar gaba ba kowa sai Auta da ubanta da mai shara. Surukin ya fito yana ƙifta ido, da ledar kayansa a hannu. Auta ta riƙe ledar, don ba ta san me za ta riƙe ba a gaban mahaifinta. Ya durƙusa, wannan karon Mai-Sawu ya bar shi ya gama.

"Baba, na gode. Amma wa zai ƙara ba ni aiki a garin nan? Ba gidan da ba a san fuskata ba."

Mai-Sawu ya kalli titi, ya kalli agogon da ba ya aiki a bangon kotu.

"Fankar ɗakina ta tsaya. Ka zo gobe da safe da kayan aikinka."

Auta ta buɗe baki. Da safen nan ta zauna a ƙarƙashin fankar, tana juyawa lafiya lau. Ta kalli ubanta, ta rufe bakin, suka sauka.